Ƙyauren Inna da Igiyar Inji

Ranar da aka kawo mini ƙyauren ɗakin Inna, kaurinsa yatsa huɗu ne. Yau bai cika yatsa ɗaya ba. Ni na yi wannan aikin da hannuna, da rana tsaka, a gaban mutane, kuma na daɗe ina ɗora wa Kawu laifin. Shi ya sa nake so in rubuta yadda abin ya faru, ko nauyin ya ragu.

Ni kafinta ne a Tawa. Karatuna bai wuce aji shida ba. Aikin hannu na koya: zarto, guduma, da magogin katako wanda ake turawa da ƙarfin kafaɗa. Shekara goma sha biyar ina turawa, ina kallon masu inji suna gama aikin mako a wuni guda.

Ƙyauren kuwa mahaifina ne ya sassaƙa shi da gizago a ƙauyenmu ta wajen Kalfu, tun ba a haife ni ba. Falle uku ne na gawo, an haɗa su da sanduna biyu da ƙusoshin maƙera. Duk jikinsa sawun gizago ne, kuma ya yi baƙi saboda hannuwa da hayaƙi. Da mahaifina ya rasu na gina wa Inna ɗaki a gidana, na sa mata ƙyauren ƙarfe mai fenti kore. Ta dube shi ta ce ita ba kanti za ta buɗe ba. Aka koma ƙauye aka ɗauko nata a saman mota.

Matsala ɗaya ce: gindinsa yana jan siminti.

"Auta," in ji Inna, "ka rage mashi yatsa biyu daga ƙasa. Shi ke nan."

Aikin da zarto zai gama kafin shayi ya tafasa. Amma a makon ne na ji labarin inji, sai na jingine ƙyauren a bangon shago. Na ƙudura a raina cewa shi ne zai fara shiga injin, don a ce Auta ya fara da na mahaifiyarsa. Ba don Inna na yi wannan niyya ba. Don a ce ne.

Injin irin wanda ake kira rabotez ne: ka tura katako ta baki ɗaya, ya fito ta ɗayan a goge, kaurinsa daidai daga farko har ƙarshe. Mai shi wani dattijo ne Kirista daga wajen Gaya, wanda ya daɗe yana koyar da aikin katako a Tawa. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan. Ya aje aiki zai koma gida, injin kuma ya fi ƙarfin kayan tafiya.

Ban taɓa sayen abin da ya fi babur girma ba, sai tsoro ya kama ni kada a cuce ni. Na kira Kawu, yayan Inna, dillalin dabbobi a Takanamat. Kowa ya san ba a taɓa sayar masa da sa mai ɓoyayyen ciwo ba. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya haɗa sa da inji ba.

Kawu ya iso da rawaninsa da sandarsa. Tun daga tasha yake gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa ɗan ƙanwarsa ne shugaban kafintocin Adar. Ban musa ba.

A gidan Mushe injin yana ƙarƙashin rumfar kwano. Kawu ya zagaya shi sau uku. Ya mari gefensa ya kasa kunne. Ya durƙusa ya leƙa ƙasansa. Tun daga nan bai sake ce masa "shi" ba, sai "ita".

"Shekarunta nawa?"

"Ya girmi wannan ɗan naka kaɗan, Alhaji," in ji Mushe.

"Buɗe min in ga haƙoranta."

Mushe ya ɗaga murfin sama. Ga wani ƙarfe mai kama da taɓarya a kwance, da dogayen wuƙaƙe uku a jikinsa. Kawu ya shafa su da babban yatsa.

"Ukku kaɗai? Sauran sun zube?"

"Haka aka yi shi."

"Ta taɓa cizon mutum?"

Mushe ya ɗaga hannun hagu. Yatsansa na tsakiya bai kai 'yan uwansa tsawo ba.

"Sau ɗaya."

Kawu ya juyo gare ni fuskarsa a sake. "Saye, ɗana. Wanda ya gwada maka aibin dabbarshi da kanshi, ba shi cutar ka."

Mushe ya kunna. Rumfar ta ɗauki ƙara, Kawu ya ja da baya taku biyu yana salati. Aka tura wani katako mai kaushi, ya fito sumul kamar an lashe shi. Daga nan Mushe ya kashe injin, ya fara yi mini bayani a hankali irin na wanda ya saba da ɗalibai. Yadda ake sa wa sarƙa giris. Yadda ake goge teburin. Kada a tura tsohon katako sai an tabbata babu ƙusa. Wuƙaƙen kuma, idan sun dakushe, a kai su wurin mai injin washi, domin dole bakinsu ya miƙe sak. Idan za a mayar da su...

"Na sani, Mushe," na ce.

"Idan za a mayar da su, dole tsayinsu ya zo ɗaya, sai ka ɗauki wannan..."

"Na sani. Na sani."

Ban sani ba. Ban taɓa ganin cikin rabotez ba sai ranar. Amma Kawu yana tsaye yana gyaɗa kai irin na mai alfahari, kuma shugaban kafintocin Adar ba ya tsayawa a koya masa.

Abin da Mushe yake nuna mini wani ɗan ƙarfe ne mai ƙafa biyu, bai fi tafin hannu ba, an rataye shi a gefen injin da tsohuwar igiya wadda ta yi baƙi da mai.

Aka yi ciniki, aka sallama, aka tafa. Sai Kawu ya matsa ya kwance igiyar nan daga jikin injin, har da ƙarfen da ke lilo a bakinta, ya miƙa wa Mushe da hannu biyu.

A wurinmu idan ka sayi dabba, ba ka tafiya da igiyar mai ita. Kai za ka zo da taka. An ce idan igiya ta bi dabba, albarkar garken ta bi ta, sai gidan mai sayarwa ya bushe. Dillalin kirki ba ya bari a yi wa mutum haka ko da mutumin bai san al'adar ba.

"Alhaji, ai wannan na injin ne," in ji Mushe.

"Igiya taka ce."

"Da shi ake daidaita wuƙaƙe. In babu shi..."

"Mushe, kai baƙonmu ne. Shekara da shekaru kana koya ma ɗiyanmu sana'a. Yanzu za ka tahi gida, mu karɓe maka albarka a bakin hanya? Wallahi ba da ni ba."

Mushe ya dube ni. Kallon yana cewa: kai kafinta ne, yi magana. Da na ce, "Kawu, bari in tambaya," da yau ƙyauren Inna yana nan da kaurinsa.

"Riƙe abinka, Mushe," na ce. "Ina da irinsa biyu a shago."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya nannaɗe igiyar ya sa a aljihu. Kawu ya zaro sabuwar igiyar kaba daga cikin rigarsa, wadda ya taho da ita tun daga Takanamat, ya ɗaura wa injin a wurin da ya yanke hukuncin cewa nan ne wuya. A amalanken jaki muka kai shi shago, Kawu yana gaba riƙe da igiyar. Bayan kwana biyu Mushe ya bar gari.

Gyaran da na yi wa injin, rabinsa mai kyau ne, wannan kam zan faɗa. Na wanke shi da kananzir, na kankare tsatsar teburin, na cika sarƙa da giris, na ɗaure bel, har fenti shuɗi na yi masa. Sai na zo kan wuƙaƙe. Ba su dakushe ba, amma ina so a ce na yi masa gyara tun daga tushe. Na kwance su ukun na kai wa maƙerin unguwarmu, wanda ke wasa wa mahauta wuƙaƙe. Ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ya fitar wa kowacce da ɗan ciki a tsakiya, irin na wuƙar fiɗa, ya aske gashin hannunsa da ita don in gani. Na yaba masa.

Na mayar da su da ido. Na rufe ido ɗaya, na hanga, na ga kamar daidai, na ɗaure da sifana.

Ranar Lahadi da hantsi na tara maƙwabta. Telan da ke jikin shagona ya fito da kujerarsa. Wani mai kiwon kaji na bayan layi ya zo da buhuna, domin ya ji injin yana zubar da ɓawon katako, shi kuma yana shimfiɗa wa kajinsa. Na kwance ƙyauren Inna falle-falle, na zare ƙusoshin da na gani, na yi bisimilla, na tura falle na farko.

Injin ya ja shi yana kuka. Can tsakiya sai na ji ƙas! Wata karyayyar ƙusa ce da ta shekara arba'in a cikin gawon. Fallen ya fito ta ɗaya bakin: gefen dama fari fat, gefen hagu baƙi yadda yake, ga wani dogon layi ya taso daga farko har ƙarshe inda ƙusar ta ɓantare wuƙa.



"Haka yake farawa," na ce.

A nan ya kamata in tsaya. Rabin sawun gizagon mahaifina yana nan. Amma wa zai mayar wa mahaifiyarsa ƙyaure rabi fari rabi baƙi? Na juya fallen na sake turawa. Yanzu hagu ya yi fari, amma ya fi dama siranta. Na sake juyawa. Na kife shi na tura bayansa. Kowane zuwa, injin yana ƙwaƙule bakin katakon a farko da ƙarshe, sai in ɗauki zarto in yanke wurin don kada a gani.

Da na ga falle na farko ya koma yatsa uku, dole sauran biyun su zo daidai da shi. Na biyu ya zarce ya koma biyu da rabi. Na dawo da na farko don ya same shi, ya wuce shi. Na uku, wanda nake lallaɓawa, ya fito kamar bakin gatari, gefe guda da kauri gefe guda kamar a yanka albasa.

Telan ya kurɓi shayi ya ce, "Mu ma muna da irin wanga ciwo. Ka rage ƙahwar wando guda, ka ga ta hi gajarta, ka rage gudar. In ba a riƙe ka ba, sai mai dogon wando ya tahi gida da ɗan kamfai."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ba wanda ya riƙe ni.

Mai kaji kuwa sai godiya yake yi. Kafin azahar ya cika buhu uku.

Da la'asar na haɗa abin da ya rage. Ƙyaure ne, ba a musu. Fari, sumul, mara nauyi, ina iya ɗaga shi da hannu ɗaya. Ya rage kamu guda a tsawo, ya rage taƙi guda a faɗi, domin gefunan sun tsattsage na yanke su. Inna ta ce a rage yatsa biyu daga ƙasa. Wannan ɗin dai an yi.

Sai ga sa'a, ko abin da na ɗauka sa'a ce: Inna ta tafi Tebaram sunan jikarta, za ta yi mako guda. Na zauna na yi tunani irin na mutumin da ya riga ya ɓata. Tunda ƙyaure ba zai girma ya cika ƙofa ba, sai ƙofa ta ƙanƙance ta same shi. Na kira magini. Ya sauko da saman ƙofar kamu guda, ya ƙara bulo a gefe, ya shafe da siminti. Na shafa wa ƙyauren baƙin man mota da toka don ya tsufa. Matata ta tsaya tana kallona daga bakin madafa. Ta ce, "Allah ya kyauta," ta koma ciki.

Inna ta dawo. Ta tsaya a gaban ɗakinta da ƙullin kayanta a ka. Inna ba doguwa ba ce, amma sai da ta sauke ƙullin, ta duƙa, sannan ta shiga.

"Siminti ne, Inna," na ce daga waje. "Sabon gini yana zama. Haka yake yi a birni."

Kwana uku tana duƙawa ta shiga, ta duƙa ta fito, ba ta ce uffan ba. Ƙyauren kuma ko akuya ta yi atishawa a tsakar gida sai ya buɗe.

Rana ta huɗu Kawu ya zo cin kasuwa, ya biyo gaida ƙanwarsa. Ya yi sallama ya sa kai yadda ya saba. Saman ƙofar ya tuɓe masa rawani.

"Subhanallahi! Wa ya rage maki ɗaki?"

"Tambayi shugaban kafintoci," in ji Inna. "Auta, shigo."

Na shiga a duƙe. Tana zaune a bakin gado, ta jawo ƙyauren kusa da ita, tana shafa shi da tafin hannu, sama da ƙasa, kamar mai neman abu a cikin duhu. Hannunta ya yi baƙi da man mota.

"Akwai wani ɗan rami nan," ta ce. "Daidai yatsuna ukku. Wurin da gizagon ubanka ya zame. Da shi nike jan ƙyauren tun ina amarya."

Ta ɗago kai ta dube ni.

"Ina sauran?"

"Sauran me, Inna?"

"Sauran ƙyaurena. Yatsa huɗu na ba ka, ka maido mani guda. Ina ukku?"

A nan ne na yi abin da ya fi komai muni. Na nuna Kawu. Na ce shi ya mayar da ƙarfen daidaita wuƙaƙe saboda al'adar shanu, shi ya sa injin ya haukace. Tsoho mai furfura, rawaninsa a hannu, ya sunkuyar da kai a gaban ƙanwarsa.

"Ban tambaye ka wa ya yi ba," in ji Inna. "Na ce ina sauran."

"Yana wurin mai kaji."

"To, je ka ɗauko."

Na je. Buhu biyu suna nan a ɗaure. Na ukun an riga an shimfiɗa shi. Mai kajin ya ce in dai zan iya, bismilla. Na tuɓe riga na shiga akurki da rarrafe, kaji ɗari suna kallona da ido ɗaya-ɗaya, ina tsince ɓawon gawo daga cikin abin da kaji suka ƙara masa. Wani zakara ya bi ni da sara tun daga shiga har fita. Mai kajin yana bakin ƙofa yana ba ni shawara: "Ga wani can bayan kaskon ruwa. A'a, wancan ba katako ba ne."

Inna ta karɓi buhunan uku ba ta yi dariya ba. Ta shanya su a rana kwana biyu, ta sheƙe da faifai kamar hatsi, ta ware baƙin, wato na saman, wanda hannuwa suka taɓa. Shi ta ɗura a matashin kai ta ɗinke. Farin ta ce a mayar wa kaji.

Wata biyu injin yana rufe da tabarma. Duk wanda ya tambaya sai in ce Kawu ne. Har Takanamat labarin ya kai, ana tsokanarsa a kasuwa, ana tambayarsa ko ya duba wa jirgin sama haƙora. Bai taɓa kare kansa ba. Wannan shirun nasa ne ya kai ni ga neman lambar Mushe.

Na gaya masa komai, har maƙeri, har magini. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Na san ba ka da irinsa," ya ce. "Wanda yake da biyu ba ya kallon abu kamar yadda ka kalle shi. Yana nan na aje maka. Jira nake ka kira."

Ya aiko shi a motar Gaya cikin kwalin shayi, da takarda shafi biyu ta bayanin da na hana shi yi. Ranar da saƙon ya iso Kawu yana gari. Na buɗe kwalin a gabansa. Ga ƙarfen, ga baƙar igiyar a ɗaure da shi.

"A'a," in ji Kawu. "Igiyar ta dawo? Sai a maida mashi."

"Kawu, ƙarfen nake bukata. In babu shi injin ba ya aiki."

"Ƙarhen?" Ya karɓa, ya sa farce ya warware ƙullin, ya miƙo mini ƙarfen, ya riƙe igiyar. Bai ɗauki lokacin shan ruwa ba. "To mi ya hana ka hwaɗi tun ran nan? Ni ina ruwana da ƙarhe? Kai ka ce kana da biyu."

Na durƙusa a nan cikin ɓawon katako na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, amma in biya kuɗin motar igiya. Haka aka yi. Tsohuwar igiya mai baƙin mai ta koma Gaya ita kaɗai a cikin ambulan, direban yana ta juya ta yana tambaya ko magani ne.

Wuƙaƙen na kai su wurin mai injin washi, ya cire musu cikin da maƙeri ya yi musu. Na ɗora ƙarfen mai ƙafa biyu, na daidaita su ɗaya bayan ɗaya yadda takardar Mushe ta ce. Injin yana aiki lafiya har yau. Ban sake tura masa abin da ya girme ni ba.

Na je na gaya wa Inna gaskiya, cewa ba siminti ba ne, ba Kawu ba ne. Ta ce ta sani tun daga bakin ƙofa. Na ce zan yi mata sabon ƙyaure mai yatsa huɗu, har in sassaƙa masa rami daidai hannunta. Ta ce ramin da aka yi da gangan ba rami ba ne. Na ce to bari in kira magini ya mayar da ƙofar yadda take.

"Bar ta," ta ce. "Wanga ƙyauren dai shi ne na ubanka, ko ya rame. In ka buɗe ƙohwar, mi zai ruhe ta?"

Da yake babu wurin kamawa, ta sa na huda shi na zura igiyar kabar nan da Kawu ya ɗaura wa injin. Da ita take jan shi yanzu. Da ita kuma take ɗaure shi a ƙusa idan iska ta taso.

Kowace safiya ina zuwa gaishe ta. Ni dogo ne, sai na naɗe kusan biyu nake shiga. Wani lokaci ina mantawa, saman ƙofar ya tuna mini. Inna tana jin ƙarar daga kan matashinta, ba ta ko ɗaga kai.

"Auta ne? Shigo a hankali, kar ka ƙarasa min ƙyauren."